Kwanar Ɗangora: Mararrabar da ke jiran jirgin ƙasa

Duk uwar da ta taɓa tasowa daga Tudun Wada ko Doguwa za ta je Kano ko Zariya ta san Kwanar Ɗangora. A nan hanyar da ta fito daga Jos, ta ratsa dajin Falgore, take haɗuwa da babban titin Kano zuwa Kaduna. Nan ake sauka a sake mota, goyo a baya, kaya a ka, masu rake da gasasshiyar masara suna ta kewaya motoci.

Abin da yaranmu da yawa ba su sani ba shi ne, Ɗangora ta san jirgi tun kafin ta san kwalta. Layin dogon da ya iso Kano a 1911 ta ƙasar Kiru ya bi, har aka kafa tasha a Ɗangora, kamar yadda aka yi a Madobi da Challawa. Jirgin nan ne ya kwashi gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku. Da harkar jirgi ta ja baya, sai manyan motoci suka gaje kayan, titi ya cika, haɗari ya yawaita.

Maganar sabon layi kuwa ta daɗe. Tun 2006, zamanin Obasanjo, aka ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar layin zamani daga Legas zuwa Kano. Daga baya aka yanka aikin gunduwa-gunduwa. Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, Legas zuwa Ibadan a 2021. Namu ɓangaren, Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 203, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shi a Zawaciki a watan Yulin 2021. Abin da ya fi riƙe shi kuɗi ne: bashin da aka sa rai daga Sin bai zo a kan lokaci ba, sai a farkon 2025 Bankin Raya Ƙasar Sin ya saki wani kaso. Yarinyar da aka haifa shekarar da aka fara ba da kwangilar, yau ta isa ɗakin miji.

To, 'yar uwa, ga inda gizo ke saƙa. Manyan tashoshin da aka fi ambata su ne Rigacikun, Zariya da Kano. Wucewar jirgi daban, tsayawarsa daban. Idan ya ratsa kudancin Kano bai tsaya ba, ƙararsa kawai za mu ji. Idan kuwa ya tsaya kusa da mu, masarar Doguwa da shinkafar Tudun Wada da tumaturin da ake nomawa da ruwan Tiga za su isa kasuwa kafin su lalace ko kuɗin mota ya cinye ribar. Mai jinya a asibitin Shika da ɗalibar jami'a a Zariya su ma za su huta da fargabar titi.

Don haka in 'yan majalisa sun zo gaisuwa ko neman ƙuri'a, mu tambaye su: ina tasharmu? A ina yara da dabbobi za su tsallaka? Sabon jirgi ya fi na da gudu nesa ba kusa ba, sai mu fara jan kunnen yara tun yanzu, layin dogo ba wurin wasa ba ne.

Allah Ya nuna mana ranar da za mu hau shi lafiya.