Ƙwaƙwalwa Ba Ta Zaman Banza

In an ga mutum ya jingina da bango, idanunsa a lumshe, ba magana ba motsi, akan ce wane ba ya komai. Shekara da shekaru haka su ma masana kimiyya suka ɗauki al'amarin. A zatonsu ƙwaƙwalwa kamar fitila take, a murɗa lagwani sama in aiki ya taso, a rage shi in aiki ya ƙare. Cikin waɗanda suka kawar da wannan zato babu wanda sunansa ya fi fita kamar wani likita Ba'amurke, Shaihun Malami Marcus Raichle. Abin lura kuwa shi ne, shi kansa ya daɗe yana aiki bisa wannan zato, har ma da shi ya yi suna, kafin sakamakon bincikensa ya tilasta masa sake tunani.

An haifi Raichle a 1937 a wani ƙaramin gari mai suna Hoquiam a jihar Washintan, can arewa maso yammacin Amurka. Ya koyi aikin likita a jami'ar jiharsu, sa'an nan ya ƙware a kan cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. A 1971 ya koma birnin Sen Luwis na jihar Misuri, ya kama aiki a wata jami'a wadda ita ma sunanta Washintan. A can ya tarar da Michel Ter-Pogossian da jama'arsa, waɗanda a cikin shekarun nan na 1970 suka ƙera na'urar da ake kira PET, mai ɗaukar hoton abin da ke gudana a cikin jikin mutum yana raye.

Ga yadda suka yi amfani da ita. Duk sashen ƙwaƙwalwar da aiki ya ƙaru masa, jini yakan ƙara kwarara zuwa gare shi. Saboda haka sai a yi wa mutum allurar ruwa mai ɗauke da wani irin sinadari wanda na'urar ke iya hangowa, wanda kuma rabin ƙarfinsa ke gushewa cikin kamar minti 2. Inda jini ya fi taruwa, nan hoton zai fi haske. Da yake sinadarin ba ya daɗewa, ana iya maimaita awon sau da yawa a zama guda.

To, amma ta yaya za a ware aikin karatu, alal misali, daga sauran hidimomin ƙwaƙwalwa? Sai suka bi dabarar mai sikeli a kasuwa, wanda kan auna kwano babu komai, ya sake aunawa da kaya, ya ɗebe nauyin kwanon. Watau a ɗauki hoto sa'ad da mutum ke kwance shiru, a sake ɗauka sa'ad da yake aiki, a ɗebe na farko daga na biyu. A 1988 Raichle da abokan aikinsa, cikinsu har da Steven Petersen da Peter Fox da Michael Posner, suka buga sakamakon wani bincike da ya girgiza masana. Sun nuna wuraren da ke tashi in mutum ya ga kalma, da in ya ji ta, da in ya furta ta, da kuma in an ce ya kawo aikin da ake yi da abin, kamar a ce masa guduma ya ce bugu. Daga nan masu bincike a ƙasashe da dama suka duƙufa neman wuraren da ke haskakawa.

Sai dai akwai wani abu da ya riƙa bayyana a hotunan, wanda ba shi aka je nema ba. Duk sa'ad da aka ba mutum aikin da ke bukatar mai da hankali, ko karatu ne ko duban alamu, waɗansu sassa sai aikinsu ya ragu maimakon ya ƙaru. Kuma kusan kullum sassan nan ne dai: ɗaya a tsakiya bayan goshi, ɗaya can baya a tsakanin ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, da waɗansu a gefe da gefe. Yawancin masu bincike ba su kula ba, don ba su da tambayar da wannan zai amsa. Raichle kuwa ya riƙa tara hotunan wuri guda, har ya laƙaba wa sashen nan na baya sunan da ke nufin wurin da ya ɗaure kai. A 1997 abokin aikinsa Gordon Shulman ya haɗa bincike 9 daban-daban, ya nuna raguwar tana nan a cikinsu. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Nan ne gardama ta taso. In aikin wuri ya ragu, ashe ke nan da ma yana aiki. To, wane aiki yake yi alhali mai shi yana kwance ba a sa shi komai ba? Raichle ya ba da labari cewa a 1998 an ƙi buga musu wata maƙala, don wani mai tantancewa ya ce raguwar kuskure ce a lissafinsu. Bai yi fushi ya watsar ba, bai kuma nace da baki kawai ba. Ya koma ga awon da ya fi sani, watau yawan iskar numfashin da kowane sashe ke tsotsa daga jinin da ke isa gare shi. Da wannan awo ya nuna cewa sassan nan ba wai zabura suke yi don an kwantar da mutum a na'ura ba, a'a, halinsu ke nan na yau da kullum, aikin waje ne ke katse su. A 2001 ya buga wannan bayani, ya kira abin da sunan da ke nufin halin da ƙwaƙwalwa take komawa da kanta in an ƙyale ta. Kwanon da aka zaci fanko ne, ashe cike yake.

Lissafin abincin ƙwaƙwalwa ma ya goyi bayansa. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin babban mutum ba, amma tana cinye kamar kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Ƙarin da aikin da aka sa mutum ke jawowa kuwa ɗan kaɗan ne, galibi bai kai kashi 5 cikin 100 na abin da take ci da ma ba. Watau masana sun shekara suna nazarin ɗan ƙarin, sun bar uwar kuɗin.

Ba shi kaɗai ne ya gano bakin zaren ba. Tun 1929 Bajamushen nan Hans Berger, wanda ya fara auna wutar ƙwaƙwalwar ɗan Adam daga fatar kai, ya nuna ba ta ɗaukewa ko mutum na hutawa. A 1995 kuma wani ɗalibi a birnin Milwoki, Bharat Biswal, yana amfani da na'urar MRI, ya lura cewa in mutum na kwance shiru, sashen da ke motsa hannun dama da na hagu suna hawa da sauka tare a hankali, kamar sau ɗaya cikin daƙiƙa 10 ko fiye. Kamar dai mata masu lugude ne: ko ba ka ga turmin ba, in ka ji yadda taɓare ke karɓa wa juna, ka san aiki guda suke yi. A 2003 Michael Greicius na Jami'ar Stanford ya nuna sassan da Raichle ya ware su ma haka suke lugude tare. Ashe ƙungiya ce guda, ko da yake mazauninsu nesa da juna. Bayan haka aka gano waɗansu ƙungiyoyin, na gani, da na ji, da na mai da hankali, aka kuma ga alamarsu ba ta ɓacewa ko a farkon barci, har ma a jikin biran da aka yi wa allurar barci.

Me ƙungiyar Raichle take yi? Bincike ya nuna tana tashi in mutum na tuna abin da ya wuce, ko yana shirya na gobe, ko yana auna halinsa da na waɗansu. Masana ba su gama daidaitawa a kan iyakar aikinta ba, shi kansa Raichle ya yi ta jan kunne cewa kada a ce zancen zuci ne kaɗai, tun da alamarta tana nan ko hankali ya gushe.

Amfanin wannan ga marasa lafiya a fili yake. Jariri, da tsohon da ya rikice, da wanda ya suma bai farfaɗo ba, duk ba a iya ba su aikin yi a cikin na'ura, amma ana iya kwantar da su a duba yadda sassan ƙwaƙwalwarsu ke karɓa wa juna. A 2005 Randy Buckner da abokansa suka nuna cewa dattin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu ciwon mantuwa na Alzheimer ya fi sauka a sassan nan ne. Hanyar kuwa tana da tarkonta, don a 2012 masu bincike a jami'ar Raichle ɗin suka nuna cewa ɗan motsin kai kaɗan yana iya gurɓata sakamako, har a ga dangantakar da babu ita. Dole aka sake duba ayyuka da yawa.

A 2014 aka ba Raichle lambar girma ta Kavli a ƙasar Norwe, tare da Brenda Milner da John O'Keefe, yana da shekara 77. Mai karatu zai lura cewa abin da ya kai shi nan ba sabuwar na'ura ba ce, don hotunan da ya duba waɗansu ma sun gani. Bambancin kawai shi ne, da sakamako ya saɓa wa abin da ya saba, bai share shi ba, ya adana shi shekara da shekaru har ya sami awon da zai gwada shi. Ɗaliban kimiyya da ke tasowa, ko a wane fanni suke, ya kamata su riƙe wannan.