Idan Maganin Ya Ƙare Fa?

Mai karatu, idan kin taɓa jinyar wani a asibitin Saudiyya, da wuya a ce ba ki haɗu da nas 'yar Filifin ba. Ƙasarsu tana cikin waɗanda suka fi tura ma'aikatan jinya ƙasashen waje. Shi ya sa da na ji wata ƙungiyar agaji tana neman masu aikin sa kai zuwa ƙauyukan tsibirin Samar, sai na ce ikon Allah, masu wadata duniya da nas su ne ke neman nas? Na karɓi hutuna na shekara, na kai yarana biyu wajen Hajiyarmu, na tafi.

Daga Manila jirgi ya sauke mu a Takloban, garin da guguwar Haiyan ta ɗaiɗaita ranar 8 ga Nuwamba, 2013, guguwar da ta ci rayuka fiye da 6,000. Muka tsallaka gadar San Juwaniko zuwa Samar, daga nan sai kwalekwale har wani ƙauyen masunta. A makarantar firamare muka kafa asibitinmu na kwana biyar. Tun kafin gari ya waye layi ya kai bakin ƙofa.

Ni aka ɗora a teburin awon jini. Abincin mutanen shinkafa ne da busasshen kifi mai gishiri, saboda haka hawan jini ya yi musu katutu. Ina aunawa, likita yana rubutawa, ana ba kowa maganin wata ɗaya. Da dare mu ƙirga mutanen da muka gani, mu yi ta murna. Ba zan ɓoye miki ba, na ji kaina ya fara girma.

A rana ta uku wata tsohuwa ta zauna a gabana. Na kira ta Nanay, wato Inna, kamar yadda suke kiran iyaye mata. Awonta 190/110. Na miƙa mata ƙwayoyi 30, na yi mata bayani ta bakin wata matashiya mai yi mana tafinta daga harshen Waray. Nanay ta juya ledar a hannunta, ta ce wani abu. Matashiyar ta ce, "Tana tambaya, idan ya ƙare fa?"

Na rasa ta cewa. Ni da ke gaya wa marasa lafiya kullum cewa hawan jini ba zazzaɓi ba ne, ba a shan maganinsa a daina, ga shi na zo da na wata ɗaya kacal.

Matashiyar nan ashe ma'aikaciyar lafiya ce ta barangai, sunan da suke kiran ƙaramar gunduma. Sa kai take yi, sai ɗan alawus. Ta ce mini baƙi sun sha zuwa. Mutane su sha magani, su ji sauƙi, su ɗauka sun warke, bayan 'yan watanni sai ɓarin jiki ya shanye. Akwai asibitin gwamnati a cikin gari, amma kuɗin kwalekwale kuɗin abincin yini ne.

Kwana biyun da suka rage sai na rage gudu. Na zaunar da ita a kujerata, tana aunawa ina dubawa. Muka sami littafin makaranta muka rubuta sunayen mutum 23 da jininsu ya fi hawa, muka tsara ta riƙa auna su duk mako, mutum ɗaya kuma ya riƙa karɓo wa kowa magani daga gari. Shugaban tawagarmu ya yi ƙorafi cewa layina ba ya tafiya. Gaskiyarsa ne. Ranar dawowa na bar mata na'urar awona.

Bayan wata shida ta turo mini hoton littafin ta Facebook. An soke suna biyu, sun rasu. A gaban sunan Nanay an rubuta 150/90.

Mu ma a nan gida ana yawan shirya duba marasa lafiya kyauta, kuma alheri ne babba. Amma idan an zo neman gudummawarki, ko za ki raka Baba karɓar magani, don Allah ki yi tambayar Nanay kafin a naɗe rumfa: idan ya ƙare fa, wa za a nema?