Kogin Kaduna Ba Ya Mance Ajiyarsa

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, to ni kam wannan karon a Kaduna na samo nawa mabuɗin, lokacin da na je hutu gidan yayata a Unguwar Rimi.

Abin da ya faru shi ne, an sa ranar auren wata ƙawata, angon kuwa ya sayi fili a kusa da bakin kogi da araha, har ya fara maganar sauke bulo. Murna wajen amarya ba a cewa komai. Ran nan da la'asar sai ta matsa mana lallai mu je mu ga inda za ta zauna, muka tafi har da Yaya, wadda malamar labarin ƙasa ce a makarantar 'yan mata.

Muna isa mu muna ta yaba iskar wurin da sanyinsa, ita kuwa Yaya sai ta durƙusa ta ɗebi ƙasar ta murza a tafin hannunta. Laka ce mai laushi gauraye da yashi. Ta dubi amarya ta ce, "Ƙanwata, wannan ƙasar ba ta mai fili ba ce, ajiyar kogi ce." Muka yi dariya, mun zaci wasa take.

Washegari sai ta kwashe mu zuwa lambun Gamji da ke bakin kogin, inda ƙaramar gadar nan ta ƙarfe take, wadda Lugga ya gina a Zungeru a 1904 kafin daga baya a ɗauko ta a kawo Kaduna. Da yake rani ne, ruwa ya ja baya, duwatsun cikin kogin sun fito fili, sumul-sumul kamar an goge su da sabulu. Yaya ta ce aikin kogi uku ne: ya ci, ya ɗauka, ya ajiye. Tun daga tsaunukan Jos ruwan nan yake tasowa, yana gurzar dutse da tsakuwar da ya kwaso, har ya je ya faɗa kogin Kwara. Inda ya yi kwana, gaɓar waje yake zaizayewa, ya zube yashi a ta ciki. Kuma in zai ajiye, tankaɗe yake yi kamar mace da rariya: tsakuwa ta fara zama, yashi ya biyo, laka kuwa sai inda ruwa ya malala ya kwanta. Wannan yashin ne masu kwalekwale ke haƙowa ana lodi a tifa.

Ni da shegen tambaya na ce, "Yaya, ruwa ne kaɗai ke wannan aikin?" Ta ce a'a, akwai wanda ya fi shi ƙarfi, wato kogin ƙanƙara. A tsaunuka masu tsananin sanyi, irin na Alps a ƙasar Suwizalan, dusar ƙanƙara kan taru shekara da shekaru ba ta narke ba, ta danne juna har ta zama curi mai nauyi, ya riƙa gangarowa a hankali, wani ma tafiyarsa ta yini guda ba ta wuce taku ɗaya ba. Yana tafe yana daskarewa a jikin dutse ya ɓalle shi, ya ja ɓaraguzan a ƙarƙashinsa yana kankare ƙasa da su. Shi ya sa kwarin da ruwa ya yanka kan yi tsukakken gindi, na ƙanƙara kuwa ya yi faɗi kamar cikin ƙwarya. Shi ba ya tankaɗe. Inda ya narke, nan yake jibge ƙaton dutse da tsakuwa da laka a cakuɗe.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ta ce a tudun Jado da ke arewacin Nijar, cikin hamada, masana sun sami irin wannan kankara da jibgin a jikin duwatsu, shaidar cewa ƙanƙara ta taɓa lulluɓe wurin kimanin shekaru miliyan 445 da suka wuce. Wato dai ƙasa ba ta ƙarya, duk wanda ya bi ta kanta sai ya bar sawu.

Nan fa amarya ta yi tsit, domin ta gane inda aka dosa. Lakar filinta ba iska ce ta kawo ta ba, ambaliya ce, kuma hanyar da ruwa ya taɓa bi ba ya mantawa. A 2003 da 2012 kogin nan ya cika ya shiga gidaje a gefen Kabala da Unguwar Rimi, mutane da dama suka rasa muhalli da kayan ɗaki.

Da daddare ta faɗa wa angon. Da farko ya ɗan ɓata rai, amma da ya je ya tambayi dattawan unguwar, sai suka nuna masa tabon ruwa a jikin wata tsohuwar katanga, ya kai masa ƙirji. Yanzu haka alayyafo da tumatir ya shuka a filin, gida kuwa yana nema a kan tudu wajen Kawo.

Don haka 'yar'uwa, in masoyinki ya kai ki ganin fili, kada ki tsaya kallon inda za ki jera kwalla da gado. Durƙusa ki murza ƙasar, ki tambayi tsofaffin wurin ina ruwa ke tsayawa da damina. Araha dai ba ta ado.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.