Tallafin Gwamnati Ba Ya Sauke Zakka

Ya 'yan'uwa, wani attajiri ya tare ni bayan La'asar, ya ce tunda gwamnati na raba wa talakawa kuɗi, ashe nauyin zakka bai ragu ba? Na kwana da tambayar nan a raina.

Tsarin tallafin da Nijar ta fara a 2011 da taimakon Bankin Duniya ya riƙa ba gidajen da aka zaɓa jika goma kowane wata, galibi a hannun mata. Na ga amfaninsa da idona. Talaka kan sayar da hatsinsa da arha da kaka don biyan bashi, ya dawo ya saye shi da tsada da damana, sa'ad da rumbu ya ƙare. A nan mai hali ke ƙara gaba, marar hali ke ƙara baya. Na san wata mai marayu da kuɗin nan suka hana ta sayar da akuyarta, kuma ba ta jinginar da gonar 'ya'yanta ba.

Sai dai maƙwabciyarta, wadda ba ta fi ta komai ba, sunanta bai fito ba. Ranar rabo ƙofarta a rufe take wuni.

Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya yanka wa yaran da aka yaye rabo daga baitulmali. Da ya gane uwaye na gaggauta yaye domin a samu rabon, sai ya mayar da shi haƙƙin kowane jariri tun daga haihuwa. Bai rushe tsarin ba, ya gyara shi ne saboda wanda aka bari a baya.

To, amsata ga Alhaji: zakka ibada ce, babu tallafin da ke sauke ta. Idan nisabi ya cika, ɗaya cikin arba'in ne a kuɗin da suka shekara, ɗaya cikin goma a hatsin da ruwan sama ya shayar. Ku nemi waɗanda takarda ta tsallake.

Mai rubuta sunaye kuwa amana ce a wuyansa. Mawadacin da ya cusa sunan gidansa, rabon maraya ya ci.

Allah Ya sa mu sauke nauyi tun muna da iko. Wallahu a'alam.