Ga Nama, Ba Wuƙa

Idan Bahaushe ya ce wane shi ke da wuƙa da nama, yana nufin iko duka yana hannunsa. Mu da muka tashi a gidan maharba a Ashige, a kan hanyar da ta tashi daga Lafiya ta nufi Shendam, mun san wannan magana tun ba mu san karin magana ce ba. A wurinmu wuƙa da nama ba su rabuwa. Yaro ba ya shiga sahun masu zuwa daji sai ya iya wasa wuƙa a dutse, ya iya mayar da ita kube ba tare da ya kalla ba, ya kuma san cewa ba a miƙa wa mutum ita ta wajen tsini.

Baffanmu yana da wata wuƙa da ya gada daga kakanmu, ƙirar maƙera, mai kube na jar fata wanda gumi ya mayar baƙi. Wasa ya cinye ta har ta zama siririya kamar ganyen rake. Ba mu taɓa ganin ya zare ta a cikin gari ba, sai ranar Layya.

A shekarar 2013 ƙasarmu ta ga tashin hankali. An yi asarar rayukan jami'an tsaro masu yawa a Alakyo cikin watan Mayu, kuma cikin Satumba rikici ya ci Assakio, maƙwabtanmu. Daga nan shingaye suka yawaita a kan hanya, ana binciken buhu da aljihu. Ba mu ga laifin kowa ba, domin wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Wata asuba da rani muka fita da Baffa duba tarkuna, sai muka tarar da shinge. Wani saurayi daga cikin masu tsaron wurin ya haska mu da tocila, ya ga kube a ƙugun Baffa.

"Baba, wannan fa? Ba ka ji an hana yawo da makami ba?"

"Ɗana, ai kayan aiki ne. Daji za mu."

"Kowa haka yake cewa, Baba. Ka yi haƙuri, umarni aka ba mu."

Baffa ya kwance ta da hannunsa ya miƙa, ƙota gaba. Muka wuce. Hantsi bai ɗaga ba muka iske gada a tarko, waya ta shaƙe ta, tana numfashi sama-sama. Baffa ya kai hannu ƙugu bisa sabo, ya ji wayam. Aka tura ƙaraminmu da gudu gonar da ke kusa ya aro ko da adda ce, amma kafin ya dawo rai ya yi halinsa. Malamanmu sun karantar da mu cewa dabbar da ta mutu a tarko mushe ce, haka kuma wadda maharbi ya riska da sauran rai bai yanka ba. Muna ji muna gani muka bar wa karnuka naman da zai ciyar da gida kwana biyu. Baffa bai ce uffan ba har muka iso gida. Wuƙar kuwa, ya koma nemanta sau uku, aka ce an canza masu gadin.

Ya kai mai karatu, ka lura da abin da wuƙa take a hannun maharbi Musulmi. Tarko yana kama nama ne kawai, wuƙa ce ke halatta shi. Masunta kuwa, ko da yake kifi ba ya bukatar yanka, bukatarsu ta fi tamu tsanani. 'Yan'uwanmu da ke gangarawa su a Binuwai, wajen Tunga ta ƙasar Awe, sun sha ba mu labarin mamari, igiyar nan mai jerin ƙugiyoyi. Idan ƙugiya ta cafki hannu alhali babban kifi yana jan igiyar, ko taru ya naɗe ƙafar wanda ya yi nutso, tsakanin masunci da lahira babu kome sai wuƙar da ke ɗaure a jikinsa.

Da muka shiga makaranta muka leƙa dokokin da kanmu, sai muka ga ba su kai tsaurin da ake yi da sunansu ba. Dokar kiyaye zaman lafiyar jama'a ta 1979 ta hana ɗaukar makami ne a wurin taro da jerin gwano. Dokar soja ta 1984 a kan fashi da makami ta lissafa kwari da baka da mashi da adda da kulki, har da guntun itace da dutse, amma abin da take hukuntawa shi ne a yi fashi da su. Ashe doka tana duban wuri da niyya. Mai tsaron shinge ne, cikin duhu da tsoro, ba ya iya ganin niyya, ƙarfe kaɗai yake gani.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, mu ma da namu laifin. Wake ɗaya ke ɓata gari. A Kano an daɗe ana kuka da 'yan daba, waɗanda da yawansu ke fakewa da sunan farauta, har ya zama hukuma kan yi shelar hana fita da makami a lokutan Salla. Duk wanda ya zare wuƙar farauta a kasuwa ko a taron siyasa, ya ja wa dubban bayin Allah zargi. Zargin nan kuwa yana kisa. A watan Maris na 2025, a Uromi ta Jihar Edo, aka kashe matafiya 16 'yan Arewa, mafarauta masu komawa gida Salla, bayan an ga bindigogin toka a motarsu. Alhali maharba ne suka taimaka aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a 2014. Ran wuya a kira mu, ran lafiya a tuhume mu.

Ba mu ce a buɗe ƙofa kowa ya rataya barandami ya shiga kasuwa ba. Roƙonmu shi ne a nemi shaidar da idon mai shinge zai iya gani. Kowane yanki yana da Sarkin Baka da Sarkin Ruwa, kuma sun san nasu ɗaya bayan ɗaya. A ba su dama su tantance mutanensu tare da hukuma, a ba kowa takarda mai hoto. Mu kuma mu ɗauki alkawarin cewa a cikin gari wuƙa tana cikin jaka, a naɗe tare da tarko ko koma, ba ta hawa ƙugu sai an shiga daji ko an hau ruwa. Idan ma dole ta sa an karɓe, a rubuta wa mai ita shaidar karɓa.

Baffa ya sayi wata wuƙar a kasuwar Lafiya, mai ƙotar roba, tana kuma yanka yadda ya kamata. Amma tsohon kuben yana nan rataye a ɗakinsa, domin sabuwar ta yi masa faɗi. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba kowa halaliyarsa, amin.