Yinin Kaka a Gonar Kawu

Bahaushe ya kasa shekararsa gida huɗu, wato bazara da damina da kaka da rani, amma in ka tambayi mutumin ƙauye wanne ya fi so, da wuya ya tsallake kaka. Ruwa ya ɗauke, sanyin hunturu bai kankama ba, ga sabon hatsi a kowane gida. Sai dai daɗin kaka a cikin aiki yake, domin abin da aka tattara a 'yan makonnin nan shi mutum da dabba za su ci har ruwa ya sake sauka.

A farkon watan Nuwamba na je ƙauyenmu da ke ƙasar Ɗambatta, na sauka gidan kawuna. Gonarsa ba ta wuce eka huɗu ba, dabbobinsa kuwa awaki shida ne da tumaki huɗu da rago ɗaya da jaki, sai kaji da zabi waɗanda matarsa, da muke kira Inna, ita kaɗai ta san adadinsu.

Muna idar da sallar asuba Kawu ya ce, "Ɗana, ɗauko igiya mu tafi, da sanyin safiya ake kama fara." Na ce, "To, Kawu." Harawa za mu kwaso. An riga an rore waken an yanke shi ya sha iska, saura ɗauka. Dalilin sammakon kuwa raɓa ce. Muddin da danshi a jikin harawa sai ta naɗu lafiya lau, amma da zarar rana ta ɗaga sai ganyen ya riƙa karyewa yana zuba, alhali ganyen nan shi ne abincin. Muka yi ta naɗewa muna ɗaurewa, muka ɗora wa jaki, shi kuwa gogan naka ya kama hanyar gida ba tare da an nuna masa sanda ba. Sawu uku muka yi, muka jera ta a kan rumfa inda bakin akuya ba ya kaiwa.

A gida mun tarar Inna ta buɗe akurki ta watsa tsaba. Kaji na ta tsattsaga, zabi kuwa da hayaniyarsu sun ci sun haye danga. Awaki na turke, inda suke ɗaure tun da aka yi shuka don kada su yi wa mutane ɓarna. Sai ka ga sun miƙe wuya wajen gona suna kuka, sai ka ce an gaya musu an kusa sakinsu. 'Ya'yansu ne kawai ke tsalle-tsalle a tsakar gida, har ɗaya ya haye turmi ya tsaya ƙerere. Rago shi ne ɗan gata, dusa ake dama masa da ruwan kanwa. Autan gidan ya rungume wuyansa, Inna ta yi dariya ta ce, "Kai dai yi ta yi, sabo da kaza ba ya hana yanka."

Da rana ta take muka fake a gindin gawon da ke tsakiyar gona, aka kawo mana fura da nono da dafaffiyar gyaɗa. Gawo itace ne mai abin mamaki. Da damina yakan kakkaɓe ganyensa, saboda haka inuwarsa ba ta danne shuka, sai ruwa ya ɗauke sannan ya yi sabon ganye, can cikin rani kuma ya zubo 'ya'ya waɗanda awaki ke rububinsu. Shi ya sa manomi mai hankali ba ya sare shi. Muna nan zaune wani Bafillace ya yi sallama, suka gaisa da Kawu, suka daidaita a kan in an gama yankan dawa zai shigo da shanunsa su ci abin da ya saura, su kwana a gonar su bar taki. Da ya tafi Kawu ya ba ni labarin farin 1973 da na 1984, lokacin da abincin dabba ya gagara, mutane suka riƙa sayar da dabbobinsu a wulaƙance. Ya ce tun daga nan bai sake barin ko damin harawa ɗaya ya lalace a gona ba.

Bayan la'asar muka share turke, muka tara kashin awaki wuri guda. In rani ya yi za a riƙa loda shi a mangala ana kai wa gona, ga shi kuwa takin zamani ya yi tsada. A can gefe mata na sussukar gero, wanda tuni aka fitar masa da zakka, dami ɗaya cikin goma, aka zuba saura a rumbu. Suna sheƙa kaji na bin ƙarƙashinsu. Na duba na ga babu abin da ake yarwa a gidan nan. Dusa ta rago ce, kara na danga ne da girki, tokar ma ana tace ta a sa a miya.

Mai karatu, in ka bi ta kasuwar ƙauye a watan Maris ko Afrilu, sa'ad da daji ya yi fayau, tambayi kuɗin damin harawa. A nan za ka gane abin da sammakon kaka ya tara. Wanda ya kwashe tasa zai shiga damina da dabbobinsa cikakku, wanda ya bar ta a gona kuwa akuya guda zai sayar ya ciyar da sauran. Da magariba ta yi na ga Kawu tsaye gaban rumfa yana ƙirga dammunan da yatsa, yana lissafin watannin da suka rage kafin sabuwar ciyawa ta fito. Ya gama ya ce, "In Allah ya yarda za ta kai mu." Allah ya kai mu, ya sa mu ci lafiya.