Adakar Kaka da daminar Briqueterie

Yawunde gari ne mai damina biyu, ɗaya daga Maris zuwa Yuni, ɗaya daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma duk wanda ya tashi a Briqueterie, tsohuwar Ekoudou, ya san ta biyun ce mai hana barci. Unguwar a kan gangare take. Ruwa ya sauko da jar laka, ya bi lunguna ya nufi rafin Abiergue, mutanen ƙasa-ƙasa su kwana da bokiti a hannu. Kakanninmu, da suka zo fatauci daga ƙasar da ake roƙon ruwa, nan suka koyi yi masa shiri tun hadari bai haɗu ba.

A gidanmu shirin yana cikin adakar Kaka, wadda ake ɗorawa kan bulo huɗu don kada ruwa ya taɓa gindinta. Mu yara zuma muke hari, amma ba ita kaɗai ce a ciki ba. Akwai maganin Nivaquine mai ɗacin tsiya, da man kaɗanya, da jar kanwa, da ashana ƙulle cikin leda. Takardun haihuwarmu da katunan asibiti suna cikin wani tsohon gwangwanin biskit. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa kuwa jirgin ƙasa ke kawo su daga Ngaundere, tun da dogo ya kai can a 1974. Can ƙasa, a naɗe, farin yadi ne na likkafani. Ba mai zancensa, kowa ya san yana nan.

Abin da na fi kewa shi ne yadda unguwa ta haddace ciwon kowane gida. An san tsohon da asma ke tayar wa in sanyi ya shigo, an san mai cikin da watanta ya tsaya, an san ƙofar da za a buga wa ungozoma da ta direban tasin da ba ya cewa dare ya yi. Yaro ya fara gudawa, kafin uwarsa ta gama salati maƙwabciya ta shigo da tafasasshen ruwa da gishiri da sukari. In abin ya fi ƙarfin gida, sai babban asibitin gari, ga shi nan kusa. Uwar adashi ta ce, "Yaya, ɗauki kwasar wannan makon, tawa ta jira." Bayan sallar asuba liman ya yi sanarwa, hula ta zagaya, mai tsire da tela da dillalin kasuwar Mokolo kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa.

Ba komai na da ne daidai ba. Kowane zazzaɓi Nivaquine ake ɗura masa, har ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ta daina jin maganin, gwamnatin Kamaru ta janye shi a farkon shekarun 2000. Wasu tsofaffin kuma sai ciwo ya ci jiki suke yarda da likita.

Janairun 1994 ne ya girgiza adakar. Aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi daga Faransa ya yi tashin gwauron zabi, iyaye suka koma sayen ƙwaya biyu-uku a hannun masu talla maimakon kwali guda. Sai kuma 14 ga Fabrairun 1998, ranar da tankunan mai na jirgin ƙasa suka yi hatsari a unguwar Nsam, jama'a suka taru ɗiban fetur, wuta ta tashi ta hallaka sama da mutum 100. A daren nan Kaka ta sa aka fitar da jarkar kananzir daga ɗakin kwana, aka gina mata ɗan wuri a bayan madafa. Ta kuma kafa doka: in an ji ihu a titi, kowane yaro gida zai nufa, ta ƙirga mu da sunaye.

Yanzu gudummawa ta waya take zuwa, kafin a kai mara lafiya bakin asibiti kuɗi sun iso daga Duwala ko Kano, wannan kam ci gaba ne. Sai dai gidajen haya sun yi yawa, masu shiga da fita ba iyaka, har ka shekara da mutum katanga ɗaya ba ka san yana allurar ciwon sukari ba. Da ƙasa ta zaftare a unguwar Mbankolo cikin Oktoban 2023, na tambayi 'yan'uwana a ina takardun 'ya'yansu suke. Babbar yayarmu ce kaɗai ta amsa ba tare da ta tashi nema ba.